Shagon Duhunta Fata a Turai da Amurka: Lissafin da Ya Kamata a Yi Kafin a Zuba Jari

A garuruwa da dama na Turai da Amurka ta Arewa akwai wata ƙaramar sana'a wadda duk mutumin da ya tashi a ƙasa mai zafi zai yi mamakin jin labarinta, watau sana'ar sayar da hasken rana a cikin ɗaki. Mutum kan shiga shago ya biya kuɗi, ya kwanta a kan wani gado da aka jera wa fitilu sama da ƙasa, a rufe shi na 'yan mintoci, domin fatarsa ta rage fari ta yi duhu kamar ta wanda ya daɗe yana shan rana a bakin teku. A shekarun 1980 da na 1990 sana'ar ta bunƙasa ƙwarai, har ta shiga sahun waɗanda masu ƙaramin jari ke rububin buɗewa.

Tun daga shekarar 2009 al'amarin ya sake salo. Binciken likitoci ya ɗaure wannan gado da ciwon daji na fata, gwamnatoci suka bi da dokoki da haraji, wasu ƙasashe ma suka haramta sana'ar ɗungurungum. Har yanzu akwai dubban irin waɗannan shaguna, akwai kuma masu samun abinci a cikinsu. Amma wanda ke niyyar buɗe sabo a yau, lissafinsa na farko shi ne na doka, sa'an nan na wutar lantarki da haya, kana daga ƙarshe ya zo kan farashin gadon kansa. Wanda ya soma daga ƙarshen wannan jeri yana iya wayar gari da na'urori masu tsada waɗanda ba shi da ikon kunnawa.

Asalin Sana'ar

A zamanin da, farar fata ce alamar wadata a Turai, domin mai dukiya ba ya aikin gona balle rana ta buge shi. Da masana'antu suka yawaita, talakawa suka koma yini a cikin ɗakunan aiki marasa haske, sai abin ya juye, wanda fatarsa ta yi duhu ya zama shi ne mai halin tafiya hutu bakin teku. Ana yawan danganta wannan yayi da Coco Chanel, shahararriyar mai tsara tufafi ta Faransa, wadda aka ce ta komo daga hutu a kudancin ƙasar cikin shekarun 1920 da fatar da rana ta rina. Likitoci ma sun taimaka wajen ɗaga darajar haske a idon jama'a, domin a shekarar 1903 an ba Niels Finsen, wani likita a Denmark, kyautar Nobel saboda amfani da haske wajen warkar da wani ciwon fata da ƙwayar cutar tarin fuka ke haddasawa.

Gadon da ake amfani da shi a yau ya samo asali ne daga aikin wani Bajamushe mai suna Friedrich Wolff, wanda a shekarun 1970 ya ƙera fitilun da ke duhunta fata ba tare da saurin ƙona ta ba. Shagunan farko sun bayyana a Jamus a ƙarshen waɗannan shekaru, kuma kafin shekarar 1980 sana'ar ta ƙetara zuwa Amurka. A ƙasashen da hunturu kan daɗe, inda akan yi watanni ba a ga rana sosai ba, ba a sha wahalar samun masu saye ba.

Yadda Gadon Ke Aiki

A cikin hasken rana akwai wani sashe da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UV. Iri biyu ne daga cikinsa ke isowa ƙasa. Na farko, UVA, yana ratsa fata har ciki, shi ne kuma ke sa ta yin duhu nan da nan tare da saurin tsufa da tamoji. Na biyu, UVB, yana tsayawa a sama-sama, shi ne ke ƙona fata. Idan waɗannan haskoki suka taɓa fata, sai jiki ya ƙara samar da sinadarin melanin, watau abin da ke ba fata launi, domin ya kare kansa. Saboda haka likitocin fata ke bayyana cewa duhun da ake saye a shago alama ce ta cewa fatar ta riga ta sami rauni tana neman kariya.

Gadon shago yakan ɗauki dogayen ƙwayayen fitila daga 24 zuwa 60, mafi yawan haskensu kuma UVA ne. Akwai na kwanciya mai murfi, akwai kuma na tsaye mai kama da ƙaramin ɗaki. Zama guda yakan ɗauki 'yan mintoci, bai cika wuce 20 ba. A ƙasashen Tarayyar Turai an ƙayyade ƙarfin hasken da gado zai fitar, kada ya wuce wat 0.3 a kowace murabba'in mita bisa ma'aunin ƙona fata. Wannan iyaka kanta daidai take da ƙarfin rana tsaka a ƙasashe masu zafi na tsakiyar duniya. Watau Baturen da ya kwanta a gadon da ya cika ƙa'ida, tamkar ya tuɓe ne ya kwanta a fili da azahar a ƙasar da rana ke tsayawa a kan kai.

Inda Jari Ke Tafiya

Masu shiga sana'ar sukan zaci cewa gadaje ne babban abin kashe kuɗi, alhali kuwa gyaran shagon yakan yi kusa da su. Kowane gado yana bukatar ɗakinsa mai ƙofa da wurin ajiye tufafi, ga wurin karɓar baƙi da bayan gida. Abin da ya fi ba sababbin shiga mamaki shi ne wutar lantarki. Alal misali, gado mai ƙwai 40, kowane ƙwai wat 100, yana jan kilowat 4 idan an kunna shi. Gadaje shida a lokaci guda kilowat 24 ke nan, ban da fankokin da ke cikinsu. Wayoyin shago na yau da kullum ba sa ɗaukar wannan nauyi, don haka sai an sake jan waya, wani lokaci har da neman ƙarin ƙarfi daga kamfanin lantarki. Wajibi ne a sa ƙwararren mai aikin wuta ya duba gini, a kuma sami yardar mai gida a rubuce, tun kafin a sa hannu a takardar haya.

Haka kuma kusan duk wutar da gado ya sha tana komawa zafi ne a cikin ɗaki. Shagon da ba shi da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfi da hanyar fitar da iska zai kori masu saye, kuma na'urorinsa za su riƙa lalacewa. Kuɗin sanyaya ɗaki yana cikin kashe-kashen kowane wata, ba a fara shi a daina.

Su ma ƙwayayen fitila kaya ne masu ƙarewa. Bayan wasu ɗaruruwan sa'o'i na aiki ƙarfinsu kan ragu ko da suna ci gaba da haske, sai a sauya su gaba ɗaya. Dole ne sababbin su dace da waɗanda kamfanin da ya ƙera gadon ya ƙayyade, domin sa ƙwai mafi ƙarfi yana iya fitar da gadon daga ƙa'ida, ya kuma ƙona mutane. Bugu da ƙari akwai zaiba a cikin waɗannan ƙwayaye, saboda haka dokokin muhalli ba su yarda a watsar da su cikin shara ba, sai an miƙa su ga masu tattara irin wannan kaya. Gilashin robar da ake kwanciya a kai shi ma yana tsagewa, yana kuma dusashewa har ya tare haske.

Da yake shaguna da yawa sun rufe, tsofaffin gadaje suna da arha a kasuwa. Arhar tana da ruɗi. Tsohon gado yana iya zama wanda aka ƙera kafin sababbin ƙa'idoji, ko wanda aka daina yin kayan gyaransa. Kafin a saya ya kamata a nemi takardun gadon, a duba agogon da ke nuna sa'o'in da ya yi aiki, a kuma sa a auna ƙarfin haskensa.

Dangane da lissafin riba, hanya mafi sauƙi ita ce a tara kashe-kashen wata, watau haya, albashi, wuta, inshora da biyan rance, a raba su da abin da ke saura daga kowane zama. Idan aka ɗauka, don misali kawai, kashe-kashen wata sun kai dala 9,000, abin da ke saura daga zama guda kuma dala 6 ne, to sai an sami zama 1,500 a wata, watau 50 a kowace rana, kafin mai shago ya ga kwabo na kansa. Abin tambaya shi ne ko unguwar da aka zaɓa za ta iya kawo wannan adadi a watannin da kasuwa ke kwanciya.

Kasuwa Mai Kaka da Rani

Wannan sana'a tana da lokacinta. A Amurka da Turai ciniki kan tashi daga ƙarshen hunturu zuwa farkon lokacin zafi, sa'ad da mutane ke shirin tafiya hutu, bukukuwan aure da na kammala makaranta. Da rana ta fito sosai a watan Yuli sai ciniki ya faɗi, ba ya kuma farfaɗowa sai wajen ƙarshen shekara. Haya da albashi kuwa ba su san da wannan ba. Shagon da aka buɗe a watan Agusta ba tare da ajiyar kuɗin watanni da dama ba yana iya durƙushewa kafin ya ga kakarsa ta farko, don haka masu gogewa sukan tsara buɗewa dab da farkon shekara.

Domin cike wannan giɓi, shaguna sukan dogara ga hanyoyi biyu. Ta farko ita ce rajistar wata-wata, inda ake cire wani adadi daga asusun mai saye a banki ko ya zo ko bai zo ba. Ta biyu ita ce sayar da mayukan shafawa, waɗanda ribarsu ta fi ta zaman gado. Sai dai rajistar wata-wata tana jawo ƙorafi idan aka wahalar da wanda ke son fita, hukumomin kare haƙƙin masu saye kuma suna sa ido a kanta. Sharuɗɗan shiga da na fita su kasance a rubuce cikin harshe mai sauƙi.

Ga kuma gasa. Ƙaramin shago yana takara da manyan kamfanoni masu rassa da yawa, waɗanda ke sayen na'urori da ƙwayaye a kan sari. Yana kuma takara da gidajen motsa jiki, kamar Planet Fitness a Amurka, waɗanda ke haɗa gadon haske cikin kuɗin rajistar wasu mambobinsu. Mutumin da ke samun gado a inda ya riga ya biya kuɗin motsa jiki da wuya ya sake biya a wani wuri.

Har ila yau, masu saye sun ragu a tsakanin matasa, waɗanda a da su ne ginshiƙin kasuwar. Ƙididdigar Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta nuna cewa a shekarar 2009 kashi 15.6 cikin 100 na ɗaliban manyan makarantun sakandare sun yi amfani da irin wannan gado, amma a 2017 adadin ya sauka zuwa kashi 5.6 cikin 100.

Shekarar da Doka Ta Waiwayo

A watan Yuli na 2009 Hukumar Binciken Ciwon Daji ta Duniya, IARC, wadda ke birnin Lyon na Faransa a ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa na'urorin duhunta fata a rukuni na ɗaya na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, rukunin da taba sigari ke ciki. Hukumar ta bayyana cewa haɗarin kamuwa da melanoma, wanda shi ne mafi kisa a cikin ire-iren ciwon daji na fata, yana ƙaruwa da kashi 75 cikin 100 ga wanda ya soma amfani da gadon kafin ya cika shekara 30.

A ƙarshen wannan shekara ƙasar Brazil ta haramta amfani da gadon domin kwalliya. A Ostareliya, inda ciwon daji na fata ya yi yawa ƙwarai, wata matashiya mai suna Clare Oliver ta yi amfani da kwanakinta na ƙarshe wajen gargaɗin jama'a game da gadon, kafin melanoma ya kashe ta a birnin Melbourne a 2007 tana da shekara 26. Labarinta ya girgiza ƙasar. Jihar New South Wales ta ba da sanarwar haramci a 2012, kuma daga farkon shekarar 2015 aka rufe shagunan a mafi yawan jihohin ƙasar, jihar Yammacin Ostareliya ta bi sahu a 2016. Wasu gwamnatocin jihohi sun sayi gadajen daga hannun masu su domin a lalata, amma abin da aka biya bai kama ƙafar abin da aka kashe wajen sayen sababbi ba.

Sauran ƙasashe sun tsaya ne a kan shekarun mai saye. Faransa ta hana 'yan ƙasa da shekara 18 tun 1997, Jamus da Scotland suka yi haka a 2009. A Ingila da Wales dokar 2010 ta fara aiki a watan Afrilu na 2011, inda a lokacin aka yanka tarar da ta kai fam 20,000 ga mai shagon da ya bar yaro ya hau gado. Scotland da Wales sun kuma hana shagunan da ba su da ma'aikaci, irin waɗanda ake jefa kuɗi a cikin na'ura ta kunna kanta. Ireland ta kafa tata dokar a 2014, daga bisani ta hana wasu dabarun talla kamar ba da zama kyauta da rangwamen wasu sa'o'i.

A Amurka kowace jiha da tata doka. California ce ta fara hana 'yan ƙasa da shekara 18, daga ranar 1 ga Janairu, 2012, kuma fiye da jihohi 20 sun bi ta. Wasu jihohin suna neman izinin iyaye ne kawai. A 2014 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta ƙasar, FDA, ta ɗaga matsayin gadon zuwa na na'urori masu matsakaicin haɗari, ta kuma wajabta liƙa gargaɗi a jikinsa cewa bai kamata wanda bai kai shekara 18 ba ya yi amfani da shi.

Abin lura a duk wannan jeri shi ne cewa dokokin suna tafiya ne ta fuska ɗaya, watau ƙarin tsanani. Saboda haka wanda zai karɓi hayar shekara biyar ko goma, ko ya ci rancen da zai daɗe yana biya, ya kamata ya nemi a sa sharaɗin da zai ba shi damar fita daga haya ko sauya sana'a a cikin shagon idan doka ta sake.

Harajin Kashi 10

A Amurka akwai wani nauyi na daban. Dokar kiwon lafiya ta 2010, wadda aka zartar a zamanin Shugaba Barack Obama, ta ɗora harajin kashi 10 cikin 100 a kan kuɗin zaman gado, daga ranar 1 ga Yuli na wannan shekara. Da farko an yi niyyar ɗora harajin kashi 5 ne a kan tiyatar kwalliya, amma aka janye shi aka maye gurbinsa da wannan. Mai shago ne ke karɓar harajin daga mai saye, ya miƙa wa gwamnatin tarayya duk bayan wata uku. Idan bai karɓa ba, daga aljihunsa zai biya.

Harajin bai shafi hasken da likita ke amfani da shi wajen magani ba, bai shafi feshin launi ba, haka kuma an ɗauke shi daga wasu gidajen motsa jiki da ke ba da gadon a cikin kuɗin rajista ba tare da farashi na daban ba. Wannan rangwame ya ƙara wa ƙananan shaguna wahalar gasa. Ƙungiyar masu sana'ar a Amurka ta ce a cikin shekaru shida na farko bayan ɗora harajin, kimanin rabin shagunan ƙasar sun rufe. Masu bincike sun nuna cewa haraji ba shi kaɗai ba ne sanadi, domin dokokin shekaru da wayar da kan jama'a sun zo a lokaci guda. Yunƙurin da aka yi na soke harajin a majalisar dokoki a 2017 bai kai ga nasara ba.

Ma'aikata, Talla da Inshora

Ma'aikacin da ke zaune a teburin karɓar baƙi shi ne ke tsakanin mai shago da kotu. Shi zai duba katin shaida ya tabbatar da shekarun mai saye, shi zai tantance irin fatarsa. A nan ana amfani da ma'aunin da likitan fata Thomas Fitzpatrick na Jami'ar Harvard ya tsara a 1975, wanda ya kasa fatar ɗan Adam gida shida. Masu rukuni na farko, watau farare sol masu jan gashi da ɗige-ɗige a fuska, fatarsu ƙonewa take yi ba ta duhu, don haka ƙa'ida ita ce a mayar da su gida. Haka nan wanda ke da tarihin ciwon daji na fata, ko wanda ke shan magungunan da ke sa fata saurin ƙonewa, kamar wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta da na ƙurajen fuska.

Dole ne a ba kowa tabarau na musamman, domin rufe ido kawai ba ya tare wannan haske. A riƙa sarrafa agogon gado daga teburin ma'aikaci, a bar tazarar aƙalla sa'o'i 48 tsakanin zama da zama, a goge gado da maganin kashe ƙwayoyin cuta bayan kowane mutum, a kuma ajiye rajistar ranar da kowa ya zo da mintocin da ya yi. Wannan rajista ita ce hujjar mai shago ranar da jami'an lafiya suka zo bincike, ko wani ya kai ƙara. Inshorar shago ta yau da kullum sau da yawa ba ta ɗaukar ƙunar fata ko raunin ido, sai an nemi ta musamman, kuma ya kamata a san farashinta tun ana lissafin jari.

Ta fuskar talla kuwa, harshe na iya jawo tara. A 2010 Hukumar Kula da Cinikayya ta Tarayyar Amurka ta tuhumi wata ƙungiyar masu sana'ar da yaɗa bayanan ƙarya game da lafiya, aka sasanta bisa sharaɗin ta daina. Cewa gado ya fi rana aminci, ko gwamnati ta amince da shi, ko shi ne hanyar samun bitamin D, duk maganganu ne da hukumomi ba sa lamunta.

Feshin Launi

Shaguna da dama sun tsira ne ta hanyar komawa ga feshi. A nan ba a amfani da haske sam. Ana fesa wa jiki ruwa mai ɗauke da sinadarin DHA, wanda ke haɗuwa da matacciyar fatar sama ya ba ta launin ƙasa-ƙasa, launin kuma yakan dusashe cikin mako guda zuwa kwana goma. Wata mai bincike a Jami'ar Cincinnati, Eva Wittgenstein, ta yi bincike a kan wannan hali na sinadarin a shekarun 1950. Jarin feshi bai kai na gado ba, ba ya cin wuta sosai, haramcin Brazil da Ostareliya bai shafe shi ba, harajin Amurka ma haka.

Duk da haka yana da nasa ƙa'idoji. Amincewar da FDA ta yi wa DHA ta shafawa ce a bayan fata, ba ta haɗa da shaƙa ko shiga ido da leɓe ba, saboda haka ana bukatar abin toshe hanci, kariyar ido da fankar zuƙe iska, musamman domin ma'aikacin da ke yini a ɗakin. Ya kamata kuma a sanar da mai saye cewa launin feshi ba ya kare shi daga rana. Abin da mai shago zai guje wa baki ɗaya shi ne sayar da allura ko feshin hanci na melanotan, waɗanda ake tallatawa a intanet, domin ba su da lasisin hukumomin magunguna a Birtaniya da Amurka.

Abin da Ya Shafi Nijeriya

A Nijeriya gadon duhunta fata ba shi da wata kasuwa ta a-zo-a-gani, kuma dalilin a bayyane yake. Amma 'yan Nijeriya mazauna Birtaniya da Amurka da ke riƙe da shagunan gyaran gashi da kwalliya ya kamata su sani cewa ajiye gado ko da guda ɗaya a bayan shago yana jawo musu dukan dokokin da aka zayyana, daidai da babban kamfani.

A cikin gida kuwa, cinikin sauya launin fata yana tafiya ne ta ɗaya fuskar. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da mayukan hasken fata, kuma a watan Fabrairu na 2023 Hukumar NAFDAC ta bayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasar. Masu shagunan gyaran jiki da ke haɗa mayuka da kansu suna sayarwa ba tare da rajista ba suna tsaye ne a inda masu gadon haske suka tsaya kafin 2009, lokacin da ciniki ke gudana, shaidun likitoci kuma ke taruwa. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah. Wanda ya tsaya ga kayan da ke da lambar rajistar NAFDAC, ya kuma ajiye rasit na inda ya saro su, ya rage wa kansa fargabar ranar da jami'ai za su shigo kasuwa.

Ga wanda ya ƙudura niyyar buɗe shagon duhunta fata a ƙasar da doka ta yarda, tsarin aiki a bayyane yake. Ya fara zuwa ofishin lafiya na ƙaramar hukumar da zai zauna ya karɓi dokokinta a rubuce, ya nemi farashin inshora, ya sa a auna ƙarfin wutar ginin, ya yi lissafinsa da cinikin watan Oktoba maimakon na watan Afrilu, ya ware ɗaki ɗaya ko biyu domin feshi da wasu ayyukan kwalliya da za su riƙe shagon idan gado ya tsaya. Idan bayan wannan duka lissafi ya nuna riba, sai ya tafi neman gado. Idan kuwa bai nuna ba, abin da ya yi asara bai wuce kuɗin mota da na takardu ba.